Kama Da Wane Ba Ta Wane: Abin Dubawa Kafin A Sayi Tsohon Idon Kyamara

Gabatarwa

Sana'ar ɗaukar hoto tana daga cikin sana'o'in da matasa ke shiga da ɗan ƙaramin jari a Birnin Kebbi da kewayenta. Daga unguwar Nasarawa har cikin tsohon gari, da wuya a yi suna ko ɗaurin aure ko walimar saukar Alƙur'ani ba a nemi mai hoto ba. Ga kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Ranar da aka buɗe ruwan Matan Fada, dubban masunta kan faɗa kogi da gora da homa, kuma gasar ba ta wuce kimanin sa'a guda. Wanda kayan aikinsa suka ba shi kunya a wannan sa'a sai ya jira wani bikin, kuma jiran kan yi tsawo, domin bayan na 2009 ba a sake yi ba sai a 2020.

Abin da ya fi tsada a kayan mai hoto, bayan ita kanta kyamarar, shi ne idonta, wato wannan gwangwani mai ɗauke da gilasai da ake ɗaurawa a gaba. Tsadar sabo ta sa da yawa ke komawa ga na hannu, musamman waɗanda aka ƙera tsakanin 1960 da 1990 domin kyamarorin fim. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sayen tsohon ido dabara ce mai kyau, da sharaɗin mai saye ya san irin samfurin da ke hannunsa, ya kuma gwada lafiyarsa da kansa. Sunan da aka rubuta a baki kaɗai bai isa hujja ba. Ilmin da ake bukata domin wannan bincike kuwa yana nan cikin darasin haske na makarantar sakandare.

Yadda idon kyamara ke aiki

Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya bayyana a littafinsa na ilmin gani cewa haske daga abubuwa yake tasowa ya shiga ido. Aikin idon kyamara shi ne ya lanƙwasa wannan haske, ya tattara shi a kan fim ko a kan sensa. Gilashi guda ɗaya yana iya yin haka, amma hotonsa kan fito da dishi-dishi a gefe, da kuma launuka irin na bakan gizo a bakin abubuwa. Saboda haka ne masu ƙira ke jera gilasai da dama, kowane yana gyara kuskuren ɗan'uwansa.

Lambobi biyu ake rubutawa a bakin kowane ido. Ta farko ita ce nisan matattarar haske, da milimita, kamar 50 ko 135 ko 200. Ita ke nuna girman da abu zai fito. Ta biyu ita ce lambar ƙofar haske, kamar f/2 ko f/1.4, kuma ana samun ta ne idan aka raba nisan matattara da faɗin ƙofar. Misali, ido mai milimita 50 a kan f/2 faɗin ƙofarsa milimita 25 ne, a kan f/1.4 kuwa ya kusa milimita 36. Da yake yawan haske yana bin girman filin ƙofar ne, f/1.4 na shigar da ninki biyu na hasken f/2. Ido biyu na iya yin daidai a waɗannan lambobi da kuma suna, amma cikinsu ya sha bamban. A nan ne mai saye kan faɗa rami.

Suna ɗaya, samfuri barkatai

Babban misali shi ne Helios-44, ido mai milimita 58 da f/2, wanda tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1950. An kwaikwayo tsarinsa ne daga Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus. An yi miliyoyinsa a masana'antu daban-daban, ciki har da ta Krasnogorsk kusa da Mosko, da ta Minsk, da ta Valdai, kuma kowace tana da tambarinta a jikin idon. Na farko-farko suna da ganye 13 a ƙofar haske. Samfurin 44-2 da 44M suna da ganye 8, shi kuwa 44M-4 yana da 6. Yawan ganye na da tasiri a hoto, domin idan aka tsuke ƙofa, fitilun da ke bayan mutum kan fito da siffar ƙofar: kusan zagaye a mai ganye da yawa, mai kusurwa shida a mai ganye 6.

Akwai bambancin da ya fi wannan muhimmanci. Ƙofar 44-2 da hannu ake murɗa ta, don haka tana aiki a kowace kyamara. Ta 44M-4 kuwa wata 'yar allura ce a gindin idon ke tsuke ta, kuma ba shi da makunnin mayar da ita aikin hannu kamar yadda 44M yake da shi. Wanda ya sayi 44M-4 ya ɗaura shi da adaftar da ba ta danna wannan allura zai tarar ƙofar ta tsaya a wangale, ko da ya juya zoben zuwa f/11. A yawancin idanun Sobiyet kuma, lambobi biyu na farkon lambar jiki su ne shekarar ƙira.

Misali na biyu shi ne Takumar mai milimita 50 da f/1.4 na kamfanin Asahi na Japan, masu kyamarar Pentax. Samfurin da ya fito a 1964 gilasai 8 gare shi, kuma gilashinsa na baya ya ɗan turo waje. Ba da jimawa ba aka maye gurbinsa da mai gilasai 7, ba tare da an sauya sunan da ke baki ba. A 1971 aka fito da samfurin da aka rubuta wa Super-Multi-Coated, mai shafe hawa bakwai, sannan SMC ya biyo baya. Duk Takumar ake kiransu a kasuwa, alhali halinsu a gaban haske ba ɗaya ba ne.

Shafen gilashi

Duk inda haske ya tashi daga iska ya shiga gilashi, ko ya fito daga gilashi zuwa iska, wani kaso nasa kan dawo baya. A gilashin da ba a shafa wa kome ba, asarar ta kai kimanin kashi 4 cikin 100 a kowace fuska. Helios-44 yana da gilasai 6 da aka haɗa rukuni 4, wato fuska 8 ke nan. Ɗalibi na iya ninka 0.96 da kanta sau 8, zai samu 0.72. Ma'ana, da ba a shafa masa kome ba, fiye da rubu'in hasken ba zai isa inda ake so ba. Kuma hasken da ya ɓace ba tafiya yake yi ba. Yawo yake yi tsakanin gilasai, daga bisani ya sauka a kan hoton kamar hazo, ya mayar da baƙi toka-toka.

A 1935 wani masani a kamfanin Zeiss mai suna Alexander Smakula ya samo maganin wannan matsala. Ana shafa wa gilashi wani sinadari, kaurinsa kimanin rubu'in zangon haske, wato wajen kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. Hasken da ya dawo daga saman shafen da wanda ya dawo daga ƙarƙashinsa sai su ci karo, su rage wa juna ƙarfi. Shafe hawa ɗaya kan sauko da asara zuwa kimanin kashi 1.5, mai hawa da yawa kuwa zuwa rabin kashi ɗaya ko ƙasa. Idan aka maimaita lissafin fuska 8, na farko zai wuce da kashi 89 cikin 100 na haske, na biyu kashi 96.

Wannan lissafi ya shafi mai hoto a Argungu kai tsaye. Ana yin bikin ne da rani, rana na dukan ruwa, ruwa na mayar da haske cikin kyamara, ga sauran ƙurar hunturu a sararin sama. A irin wannan wuri samfuri mai shafe hawa da yawa ya fi wanda ya girme shi amfani, ko da masu tara tsofaffin kaya sun fi yabon na farkon. Ana gane shafe ta hanyar karkata idon a gaban fitila: fararen inuwoyi masu ƙarfi alamar rashin shafe ne, shuɗi ko ruwan zuma mai haske alamar hawa ɗaya, kore da shunayya masu duhu kuwa galibi alamar hawa da yawa.

Gilashi mai rawaya

Wani abin da ke ruɗa masu saye shi ne idon da gilashinsa ya koma ruwan shayi. A wasu samfura, kamar Takumar mai gilasai 7, an zuba sinadarin toriyam cikin gilashin domin ya ƙara masa ƙarfin lanƙwasa haske ba tare da ya tarwatsa launuka ba. Toriyam yana fitar da tururin nukiliya a hankali ƙwarai, domin sai bayan shekara kimanin biliyan 14 rabinsa ke narkewa. Wannan tururi ne ke ɓata launin gilashin bayan shekaru masu yawa, har ya rage hasken da ke wucewa.

Tururin da ke fitowa kaɗan ne, kuma ɗaukar hoto na yau da kullum da irin wannan ido ba a ɗauke shi abin tsoro ba. Haɗarin yana ga fasa gilashin ko goga shi har a shaƙi garinsa, ko kuma cire shi a riƙa manna shi a ido a matsayin tabarau. Rawayar ma tana raguwa idan aka bar gilashin kwanaki a ƙarƙashin hasken altrabayolet, wanda akwai shi a hasken rana. Sai dai a yi hattara. Ranar Afrilu a Kebbi tana iya narkar da man da ke cikin idon, kuma gilashin da ke fuskantar rana yana iya tattara zafi har ya tayar da gobara. Ba a kuma leƙen rana ta cikinsa ko da na ƙiftawar ido.

Ko zai hau kyamarar?

Kowane kamfani yana da irin bakin da ido ke zama a kai, da kuma tazarar da ya ƙayyade daga wannan baki zuwa fim ko sensa. A baki mai murɗi da ake kira M42, wanda Helios da Takumar ke amfani da shi, tazarar milimita 45.46 ce. Ta Nikon F, wanda aka fara a 1959, milimita 46.5 ce. Ta tsohon bakin Canon FD 42 ce, ta Canon EF wanda ya gaje shi a 1987 kuwa 44. Ƙa'idar mai sauƙi ce: adafta tana iya ƙara tazara, amma ba ta iya rage ta. Saboda haka idon M42 zai zauna a kan Canon EF da adafta mai kaurin kusan milimita ɗaya da rabi. A kan Nikon F kuwa zai yi nisa da sensa, ya kasa fito da abin da ke nesa, sai an sa adafta mai ƙarin gilashi, wadda ke rage kyan hoto. Haka lamarin yake ga idon FD a kan kyamarar EF. Kyamarori marasa madubi ba su da wannan matsala, domin tazararsu gajera ce, ta Sony E milimita 18 kacal.

Ko a cikin kamfani ɗaya akwai tarko. Nikon ya sauya gindin idanunsa a 1977 zuwa tsarin da ake kira AI. Wanda aka ƙera kafin wannan shekara, idan ba a gyara gindinsa ba, yana iya karya ɗan maƙalin da ke bakin wasu kyamarorin Nikon na baya. Mai neman araha sai ya wayi gari ya lalata kyamarar da ta fi idon tsada.

Aikin da za a yi shi ke zaɓen ido

Ya kamata tambayar farko ta zama, wane aiki za a yi da shi? Akwai lissafi mai sauƙi: a ninka tsawon abu da nisan matattara, a raba da nisansa daga kyamara. Masunci mai tsawon mita 1.7, wanda ke nesa da gaɓa da mita 50, zai fito da tsawon milimita 1.7 a ido mai milimita 50, alhali tsawon hoton fim milimita 24 ne. Ido mai milimita 200 zai ba shi milimita 6.8. Ashe mai son fuskar wanda ya rungumo giwan ruwa daga tsakiyar kogi ba Helios yake bukata ba, kome kyansa.

Haka nan batun ƙofar haske. Da rana tsaka, a kan ISO 100, ana iya ɗaukar hoto a f/8 da saurin kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa, wanda ya isa ya tsayar da motsin mutum. Wanda ya biya kuɗi mai yawa domin f/1.4 saboda aikin bakin kogi ya sayi abin da ba zai taɓa ba. Amma mai ɗaukar hoton amarya a ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya a Nasarawa, shi wannan ninkin haske yana iya raba shi da hoto mai girgiza.

Lafiyar ido tana gaba da samfuri

Bayan duk wannan, mafi kyawun samfuri idan ya kamu da cuta bai kai matsakaici mai lafiya ba. Yanayin kwarin Rima yana gwada gilashi ta fuska uku. Da damina, musamman a Agusta, laima kan yi yawa, sai fumfuna ta tsiro a cikin idon kamar saƙar gizo-gizo. Idan ta daɗe takan cinye shafen, ta bar tabon da ba ya goguwa. Da hunturu ƙura ke shiga, kuma mai goge gilashi da bakin riga ba tare da ya fara hure ta ba, tamkar yana gurza shi da yashi ne. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, giris ɗin zoben saiti kan narke ya gangaro kan ganyen ƙofa, su riƙa nauyin rufewa.

Gwajin ba shi da wuya. A buɗe ƙofa gaba ɗaya, a haska tocila ta baya, a leƙa ta gaba a karkace. 'Yar ƙura kaɗan ba ta hana hoto kyau, kuma babu tsohon idon da ba shi da ita. Hazo mai kama da tururi, da zaren fumfuna, da launin bakan gizo a gefe wanda ke nuna gilasai biyu da aka manne sun soma rabuwa, su ne abin gudu. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Daga nan a juya zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe a ji ko yana cijewa, a duba ganye ko sun bushe, a duba kan sukurori ko an taɓa kwance su da mugun hannu. A ƙarshe a ɗaura shi a kan kyamarar da za a yi aiki da ita, a ɗauki bango mai rubutu, a ɗauki wani abu mai nisa kamar hasumiyar masallaci, a kuma ɗauki hoto guda ana fuskantar haske. Wanda zai saya ta intanet daga Kano ko Legas ya nemi hoton rubutun baki, da na gindi, da na gwajin tocila, ya kuma ƙulla sharaɗin mayarwa. In ba haka ba, cinikin biri a sama ya yi.

Abin da masu ja ke cewa

Wasu na ganin wannan duk wahala ce, tun da wayar hannu tana ɗaukar hoto mai kyau. Gaskiya ne a hoton kusa da kuma wuri mai haske. Sai dai ƙofar hasken waya 'yan milimita kaɗan ce, kuma yawancin jawo abu kusa da take yi yanka hoton ne a faɗaɗa shi. Daga gaɓar Matan Fada bambancin a fili yake.

Wasu kuma suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, don haka samfuri mafi tsufa shi ne mafi kyau. Wannan ra'ayi ya samu gindin zama tun da masu shirya finafinai suka koma neman tsofaffin idanu, har aka yi amfani da Helios da aka sake wa jiki a wasu sassan fim ɗin The Batman na 2022. Amma abin da suke nema shi ne lahanin kansa, wato murɗewar bayan hoto da tartsatsin haske, domin ado. Mai hoton da zai miƙa wa uban ango hoton jama'a arba'in, kowa yana neman fuskarsa a fili, bukatarsa daban ce.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa tsohon ido ba ya saita kansa, kuma abin da ke gudu ba ya jira. Wannan haka yake, kuma wanda aikinsa duka na gudu ne ya fi dacewa ya tara kuɗi ya sayi na zamani. Duk da haka, a f/8 zurfin abin da ke fitowa sarai yana da yawa, kuma ana iya saita nisa tun kafin a ba masunta izinin shiga ruwa. Da haka aka ɗauki hotunan wasanni shekaru da dama kafin kyamara mai saita kanta ta yaɗu a tsakiyar shekarun 1980.

Kira ga malamai da ɗalibai

Idon da ya lalace, wanda mai hoto ya jefar, kayan aiki ne a ɗakin gwaji. Ɗalibai na iya riƙe shi a gaban farar takarda su fito da hoton taga a juye, su auna faɗin ƙofa su gwada da lambar da aka rubuta, su ƙirga inuwoyin tocila a cikin gilasai. Za su iya kwatanta ido biyu ta hanyar da kimiyya ta yarda da ita: kyamara ɗaya, wuri ɗaya, haske ɗaya, ƙofa ɗaya, abu guda kawai ake sauyawa. Ya dace malaman kimiyya a Birnin Kebbi da Argungu su riƙa gayyatar tsofaffin masu hoto na gari zuwa aji, domin abin da suke yi da hannu shi ne abin da littafi ke faɗa da lissafi.

Kammalawa

Tsarin da wannan maƙala ke ba da shawara a kai shi ne: a fara da aikin da za a yi, sannan bakin kyamara, sannan samfuri, sannan lafiyar wanda ke hannu. Farashi shi ne na ƙarshe. Bayan saye kuma, a ajiye idon a wuri busasshe mai iska, ko a cikin mazubi mai murfi tare da ƙunshin garin tsotse laima irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, kada a bar shi cikin jakar fata da damina ko cikin mota da bazara. Idon da ya yi shekara hamsin yana aiki zai iya ƙara wasu idan aka kula da shi, kuma matashin da ya yi wannan bincike kafin ya miƙa kuɗinsa ya tsare jarinsa, domin sayen nagari mai da kuɗi gida.